Sawun Jar Roba

Umar ya cika da hantsin ranar Talata a kan cinyar kakarsa Hindu, tun kafin a samo motar da za ta kai shi Kaura. Bai daɗe da yaye ba. Kafin a dawo daga maƙabarta an kwashi wasu yaran daga gidaje daban-daban na garin Ɗan Isa zuwa asibiti, duk da ciwo iri ɗaya: amai, dalalar miyau, makyarkyata, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar tsabar gero. Ma'aikacin asibiti ya ce guba ce, dangin maganin ƙwari. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran bayanin mutanen gari suka ƙarasa wa kansu a hanyar dawowa.

Kowane yaro a cikinsu ya sha kokon Martha da safe. Martha kuwa matar marigayi Gyang ce, ma'aikacin reluwe mutumin Jos, wadda ta ƙi komawa gida bayan rasuwarsa, ta ci gaba da dama koko a gindin durumin bakin kasuwa. Rabin samarin garin da kokonta suka yi wayo. Amma shekarar nan ce aka ƙaddamar da Shari'a, jihar ma ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, kowane saurayi mai ɗan gemu ji yake shi ne alƙali. Malamai sun yi ta faɗa cewa ba a hukunci sai da shaida, samari dai hukuncin suka riƙe. Suka shiga ɗakinta suka fito da gwangwanin maganin ajiyar hatsi, irin wanda ke cikin kowane rumbu a garin. Sai wani ya jefo maganar da ta fi gwangwanin nauyi: 'yarta Nancy ta sha kokon nan, ga ta can garau tana tsalle-tsalle.

Maigari ya yi ta maza, ya janye Martha da 'yarta zuwa cikin gidansa, ya tsaya a bakin zaure. Da ƙyar ya samu samarin suka yarda su jira har a sauko daga Juma'a. Bayan nan, suka ce, ko ya miƙo ta ko su ɗauke ta da kansu, ɗakinta kuma sun riga sun auna masa kananzir.

Sannan ya aika a kira Maitama.

Maitama mai bin sawu ne, gadon gidansu. Dattijo siriri, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya ya da allura, har matarsa kan ce ya fi sanin dugaduganta a kan fuskarta. In an kore shanu daga nan har iyakar Nijar, shi ake nema.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni sawun dabba nis sani. Guba ba ta da kofato."

Maigari ya ce, "Amma wanda yak kawo ta yana da ƙahwa. Ka nemo min shi, Maitama. In ita ta, ni da kaina za ni kai ta gaban alƙali. In ba ita ba ta, ba a zub da jininta ga ƙohwar gidana ina numfashi."

Maitama ya gyara ratayen gafakarsa. Duk wanda ya san shi ya san ya karɓa ke nan.

* * *

Ya sami Martha zaune a kan tabarma a tsakar gidan Maigari, idanunta sun kumbura, Nancy ta lafe a jikinta.

"Maman Nancy, wa ka jiƙa miki gero?"

"Ni da kaina, Baba. Ni nake surfe, ni nake kai niƙa, ni nake tacewa."

"Wa yas sha kokon safiyar Talata?"

"Wa bai sha ba? Liman ya aiko. Masu acaɓa sun sha. Kai ma jikarka Zuhura ta zo da ƙwaryarka."

Gaskiya ne, ya sha, ya kuma lashe ludayi. Ya tsaya yana juya abin a ransa. Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya, amma ba babba ko guda da ya yi ko ciwon kai. Guba ba ta san girma ba, balle ta tsallake Liman don ladabi.

Martha ta ce, "Baba, ni na yi wa Umar kunun yaye. Ni zan kashe shi?"

Tausayinta ya kama shi, amma bai nuna ba. Tausayi ba ya wanke mutum a gaban taro, shi ya sa ya miƙe ya fita.

Ya fara da rijiyar da take ɗiba, ya tarar rabin unguwa a nan suke sha. Ya je wurin mai injin niƙa, wanda aka ce sun taɓa cacar baki da ita, ya sa aka kwance injin, bai sami komai ba sai tsohon ƙullu. Yini guda ya tafi a banza.

* * *

Washegari ya shiga gidan Hindu gaisuwar rasuwa. Ana cikin addu'a idonsa ya koma inda ya saba, ƙasa. Ƙarshen damina ne, ƙasa da sauran laima, kiyashi sun ja layi daga gindin katanga zuwa mawanka, inda aka tara kwanukan da tashin hankali ya hana a wanke. Sun yi baƙi ƙirin a kan ƙwarya da tasa, suna ta hidimarsu. Amma akwai wata 'yar jar roba a gefe, da busasshen koko a cikinta. Layin da ya nufe ta bai dawo ba. Gawarwakinsu ne zagaye da ita.

Ya tsuguna ya ɗauke ta. 'Yar ƙarama ce, daidai hannun yaro, ja jawur, da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinta. Ya kifa ta, gindinta sumul, babu tambarin kamfani.

"Inna Hindu, robar wa ta wagga?"

Tsohuwar ta fashe da kuka. "Tashi ta. Ba ya shan komi sai cikinta. Ko ƙwarya nib ba shi sai shi ture."

"Ina kunka same ta?"

"Sunan gidan Hajiya Gimbiya, wancan satin. Kowace mai ɗiya an ba ta guda."

Ya roƙi ruwan zafi ya zuba a ciki, ya kai hanci. Wari ya bugo shi, ba mai ƙarfi ba, amma duk wanda ya taɓa ratsa gonar wake bayan feshi ya san shi.

Ya bi gidajen yaran da ke asibiti. Ko'ina jar robar nan tana nan. Manya da ƙwarya da ludayi suke sha kamar yadda suka gada, yara kuwa aka huta da fashe-fashensu, aka ba su roba. Ya tsaya gida ya tambayi matarsa ko Zuhura na da irin robar, ta ce ciwon ƙafa ya hana ta zuwa sunan, har yanzu tana jin haushin rasa rabonta. Ya ce ta gode wa ƙafar. Kafin ya bar gari ya raɗa wa Maigari a bi gida-gida a tattara robobin a asirce, kada a ce don me.

* * *

Hajiya Gimbiya mace ce mai son a ce ta yi. In ta yi biki, sai an shekara ana zancen abin da ta raba. Ta karɓe shi daga bayan labulen zaure, muryarta a sama.

"Robobina? Shinkahi nis sawo su, masu tsada, 'yan Kano. Kai Maitama, ka rasa ɓarawon sa, ka koma bin kwanukan mata?"

"An ba Maman Nancy?"

Ta ce, "Ta zo barka, ta kawo ƙosai. Amma ka san yadda gari yake yanzu. Robobin ba su isa kowa ba."

Da zai fita ya tsaya ɗaura igiyar takalmi, wadda ba ta kwance ba. A gefen dakali, inda inuwa ta hana ƙasa bushewa, akwai tsohon sawun babur da ya nutse, alamar ya zo da kaya. Tayar baya an yi mata faci a gicciye, kowane juyi sai ta bar tabo kamar tsagar fuska. Ya adana shi a ka.

Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci. Ya bi motar asuba, ya shiga layin masu roba yana nuna tasa rumfa-rumfa. Akwai jajaye masu kama da ita tuli, amma kowace da tambari a gindi. Ba wanda ya san Hajiya Gimbiya ta sayi ko cokali. Wani dattijon ɗan kasuwa ya karɓa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya tura baki.

"Wagga ba ta Kano ba ta. Narke na, aikin bayan gida. Ka ga baƙin ga? Ba a wanke abin da anka narka ba."

"Mi aka narkawa?"

"Duk abin da anka samu. Ni dai na ji ana bin ƙauyukan Zurmi ana tsintar jarkokin feshi. Mutum shi ji tsoron Allah."

Maitama ya sayi jar roba guda mai tambari ya jefa a gafaka, ya nemi motar Zurmi. Ƙafarsa ta fara ciwo, gobe Juma'a, amma ya ji ƙamshin sawu, kuma tun yana yaro ba a taɓa raba shi da sawu da lallashi ba.

A Birnin Tsaba manoman wake suka kai shi bayan gari. Malamin gona ya koya musu su riƙa binne jarkokin maganin feshi in sun ƙare, sun kuwa haƙa rami sun yi ta zubawa. Yanzu ramin a tone yake, wayam.

Wani manomi ya ce, "Wani Alhaji na daga Kaura. Yac ce yana rage muna datti. Har godiya munka yi mishi."

Maitama bai ma saurari ƙarshen maganar ba. A bakin ramin ga sawun babur, tayar baya da faci a gicciye.

* * *

A Kaura bai sha wuya ba. Masu faci sun san tayar kowa kamar yadda wanzami ya san ƙeyar kowa. Na biyun da ya tambaya ya yi dariya ya ce aikinsa ne, babur ɗin Alhaji Nuruddeen, ƙanen Hajiya Gimbiya, mai sabon injin roba a bayan layin dogo.

Ya isa ana kiran la'asar, ma'aikata sun tafi masallaci. Rumfar kwano ce da injin a ciki, ga tsibin jarkoki an daddatsa, wasu da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, wasu har da sauran magani yana naso a ƙasa. Ga buhun jajayen robobi an ɗaure, masu jiran kasuwa. Ko ƙuda babu a wurin. Ya ɗauki guntun jarka guda.

Abu ɗaya ya rage masa. Jahilci daban, sani daban, kuma ya san Alhaji zai rantse bai sani ba. Ya zaga ta ƙofar gidansa ya roƙi ruwan sha. Aka aiko 'yarsa Mubaraka, 'yar kimanin shekara biyar, da kofin silba. Ta ƙofar da ta bari a buɗe ya hango ƙannenta suna cin tuwo a kwanon tasa. Gidan mai injin roba, amma babu jar roba ko ɗaya a tsakar gidan.

* * *

Aka sauko daga Juma'a, ƙofar gidan Maigari ta cika maƙil. Samari a gaba, jarkar kananzir a hannun ɗaya daga ciki. Maigari ya aika wa Alhaji Nuruddeen cewa ana son manyan mutane su shaida, ya kuwa zo cikin babbar riga, ya kafe babur ɗinsa a gindin bishiya, Mubaraka na biye da shi don ta gaida gwaggonta. Hajiya Gimbiya da Hindu suna cikin zaure tare da mata. Aka fito da Martha.

Maitama ya sa ta dama koko a gaban kowa. Ta dama. Ya zuba a ƙwarya, ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa Liman, shi ma ya sha. Sannan ya zuba ragowar ƙwaryar a ƙasa kusa da ramin kiyashi, ya zuba wani mai zafi a robar marigayi Umar, ya bari ya jiƙa, ya tuntsurar da shi ɗan nesa kaɗan.

Wani saurayi ya ce, "Baba, wasan yara munka zo kallo?"

"Ɗana, ka yi haƙuri. Shaidu nika jira, kuma ba su da sauri."

Aka yi ta jira, ana guna-guni. Kiyashi suka fito suka rabu biyu. Na wajen ƙwarya suka yi ta ɗiba suna komawa. Na wajen roba suka fara juyi a wuri ɗaya, suka dunƙule, suka daina motsi. Gani ya kori ji. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya daga bayan gari.

Maitama ya ce, "Tukunya guda ta. Abin da yab bambanta shi na mazubi. Duk ɗan da yak kwanta, cikin irin wagga yas sha. Hajiya, Shinkahi kis sawo su?"

Daga cikin zaure muryar ta fito, wannan karon ƙasa-ƙasa. "Gudummawa ta. Nuruddeen yak kawo min. Kunya nij ji in ce kyauta nis samu."

Maitama ya ajiye guntun jarkar mai hoton ƙoƙon kai a gaban Maigari, ya faɗi ramin Birnin Tsaba, ya nuna tayar babur ɗin da ke kafe, ya ce duk mai shakka ya je ya duba facin.

Alhaji Nuruddeen ya miƙe yana gyara riga. Bai ruɗe ba, don ɗan kasuwa ne. "Jama'a, ban musa ba, injina na. Amma wuta aka narka su da ita, wuta kuwa tana cinye komi. Robata lahiya lau take. Ko akwai wani abu, wallahi ban sani ba. Tsautsayi na."

Wasu suka fara gyaɗa kai. Mai babbar riga ko tari ya yi sai a sami mai cewa gaskiya ne.

Maitama ya ce, "To, madalla." Ya zaro jar roba daga gafakarsa, ya cika ta da koko mai tururi, ya juya wurin yarinyar. "Mubaraka, zo ki sha koko, kin sha hanya."

Yarinyar ta miƙo hannu biyu. Kafin robar ta kai bakinta uban ya yi tsalle ya kaɗe ta, koko ya watsu a babbar rigarsa.

"Kashe min ita za ka yi?"

Maganar ta riga ta fita. Ya tsaya baki buɗe, yana duban fuskokin da ke dubansa.

Maitama ya sunkuya ya ɗauki robar, ya kifa ta, ya nuna wa Maigari tambarin da ke gindinta. "Wagga ta Shinkahi ta, Alhaji, jiya nis saye ta. Ban ba ɗiyar kowa guba. Kai dai kas san abin da kaka tsoro."

Hindu ta fito daga zaure, ba ta damu da taron maza ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta tsaya gabansa ta ce, "Ka san ta, kab ba ɗiyanmu." Sai ta koma ciki.

Samarin suka yunƙuro, zafin da suka tanada wa Martha ya sami sabon wuri. Maigari ya ɗaga sanda. "Wanda yat taɓa shi, da shi za a tahi. Kun ce Shari'a kuka so. To ga shaida, ga mai laihi, alƙali na Kaura." Liman ya ƙara da cewa su tuna da abin da suka tashi yi da wannan kananzir, su nemi gafara tun da sauran numfashi. Mai jarkar ya rasa inda zai sa ta, ya ɓoye ta a bayansa kamar ba a gani.

Kafin la'asar aka tafi da Alhaji, aka aika a rufe rumfar, masu shela suka bazu har Zurmi da Shinkafi a kan duk mai jar roba marar tambari ya kawo ta. Labari ya zo daga asibiti cewa yaran sun fara karɓar abinci.

* * *

Da safe Martha ta hura wuta a gindin durumi kamar kullum. Koko ya dahu, ƙosai ya soyu, ba wanda ya zo. Ba tsoro ne ya hana su ba yanzu, kunya ce. Mutane sai su bi ta bayan kasuwa don kada su haɗa ido da ita.

Maitama ya iso da ƙwaryarsa, Zuhura na riƙe da gefen rigarsa. Ya zauna a kan benci yadda kowa zai gan shi.

"Maman Nancy, a cika ta."

Ta cika, ta miƙa masa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon Nancy, wadda ke raba ƙosai da Zuhura.

"Baba, ka san ranar sunan nan? Ina tsaye aka bi layi ana rabo, aka zo kaina aka tsallake. Yarinyar nan ta yi ta kuka har gida, ita sai jar roba irin ta su Umar. Ta hana ni sakat, har na mare ta." Ta share ido da bakin zane. "Na kwana ina jin zafin abin da aka yi mana."

Maitama ya sa ludayi a ƙwarya.

Sai ga Hindu ta ɓullo daga lungu, lulluɓe da mayafin zaman makoki, tana tafe a hankali. Ta tsaya gaban tukunyar. Matan biyu suka dubi juna. Tsohuwar ta fito da 'yar ƙaramar ƙwarya daga cikin mayafi, irin wadda ake ba yaro, wadda Umar ya yi ta turewa.

Ta ce, "Zuba min nan."